Aladen Hawa na Huɗu

Hanoi, 3 ga Maris

Ɗana Vinh,

Ina gaishe ka, kai da matarka da zafin Saigon.

Fim ɗin da kake haɗawa a kan benenmu na gwamnati kafin a rushe shi, ka cire maganar alade. Ka zaunar da ni da shayi, ka kunna kyamara, bakina ya suɓuce.

Kai ba ka ga zamanin ba. An gina mana benen nan ne don kada kowa ya ce "nawa": kicin ɗaya ga iyali huɗu, shinkafa sai da tikiti, saye da sayarwa kuwa laifi. Ni kuma shekara uku ina kiwon alade a barandar baya, a hawa na huɗu, ina sayarwa a ɓoye. A shekarun ne Baba Khang, shugaban bene, ya miƙa mini takardar yabo ta iyali abin koyi a gaban kowa. Tsohon yana nan da ransa, kuma an ce a tsakar gida za ka nuna fim ɗin. Da wane ido zan dube shi? Kwana biyar ke nan abinci ba ya shiga.

Gwaggonka,
Thoa

Saigon, 9 ga Maris

Gwaggo,

Na gaishe ki da girmamawa. Don Allah ki ci abinci.

Gaskiya maganarki ce ƙashin bayan fim ɗin. Masu zanen benen sun tsara yadda za a zauna, yunwa kuma ta tsara nata. Amma ba zan nuna fuskarki ba sai da yardarki. Alfarma ɗaya nake roƙo: bayan na tashi daga wajenki na sauka wurin Baba Khang, shi ma ya yi magana. Na tura minti uku na maganarsa a wayarki. Ki kalla, in kika ce a cire, a ranar zan cire.

Ɗanki,
Vinh

Hanoi, 15 ga Maris

Vinh, ɗan nema,

Na kalla sau huɗu. Lasifikar benen nan da Baba Khang yake ƙure wa murya safe da yamma da waƙoƙin ma'aikata, wadda nake gode wa sa'ata don tana rufe kukan aladena lokacin ba shi dusa, ashe kukan nasa aladun yake rufewa da ita, guda biyu a ɗakin ajiyar kwamitin bene!

Na sauka na same shi yana shan iska. Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

Ya ce, "Thoa, kurma ma ya sani. Saboda naki na ƙara waƙa ta biyu."

"To, takardar yabon fa?"

"Yara uku kika riƙe, babu wanda ya kwana da yunwa. Wa zan ba, bango?"

Na yi dariya har da hawaye, na koma sama na ci shinkafa kwano biyu. Shekara arba'in ina sunkuyar da kai in na wuce ƙofarsa. Yau ji nake kamar an sauke mini buhu daga ka.

Ka bar maganata yadda take. Amma inda ya ce a fim ɗin aladena ramamme ne, nan ka yanke. Ƙarya yake yi.

Ka gaishe da matarka.

Gwaggonka,
Thoa