Hannun da Ke Tuƙa Muku Tuwo

Daga: Hajiya Altine Munkaila,
Mai abinci, unguwar Xiaobei, Guangzhou, China.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga: Alhaji Saifullahi Dogara,
Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Arewa Mazauna Guangzhou.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ƙorafi a kan Malama Mas'uda Shitu, mai shagon kayan kwalliya a ginin kasuwar Tianxiu, bisa yaɗa hoton hannuna ba da iznina ba

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina gabatar da wannan ƙorafi a rubuce, domin idan na zo da baki ba na jin zan iya riƙe harshena. Ni ce mai dafa tuwo da miyar kuka ana kai wa 'yan'uwa shagunansu, kuma ba na buƙatar gabatar maka da kaina.

1. Ina sanar da ofishinka cewa ina da fararen tabo a bayan hannuwana, irin wanda mutanenmu ke kira albaras. Likita a nan garin ya tabbatar mini launin fata ne kawai ya gushe, ba a ɗauka, ba ya shiga abinci, ba shi da haɗi da kuturta. Ya dai hana ni shiga rana, don wurin ƙonewa yake yi. Na san halin mutanenmu, shi ya sa na ɓoye.

2. A watan Yuli na je shagon Malama Mas'uda da asirina. Ita ta nuna mini wani mai da Turawa ke shafawa su yi duhu ba tare da sun shanya kansu a rana ba. Rina fata yake yi kamar lalle, ya yi kwanaki, sannan ya dushe. Na farko da ta ba ni ya mayar da hannuna ruwan karas, ga wani ƙauri da ya bi ni har gida. Ta canza, ta gauraya, har aka dace da launina. Ba zan ci haƙƙinta ba, ta iya aikinta. Ranar na yi kuka a shagonta don murna, ita kuma tana bubbuga bayana tana ce mini Yaya.

3. Ranar 9 ga Satumba ta nemi ɗaukar hoton hannuna kafin shafawa da bayan shafawa, wai mai kamfanin man ne ke son gani don ya haɗa mini nawa na musamman. Ta rantse hoton ba zai wuce wayarta da tasa ba. Na miƙa mata hannun.

4. Ranar Juma'a 4 ga Oktoba, ana saukowa daga masallacin Huaisheng, sai ga hoton nan a zauren WeChat na ƙungiya, an mayar da shi talla, har da lambar wayarta a ƙasa da alamar zuciya. Da na kira ta, amsarta ita ce ai ba ta nuna fuska ba. Ranka ya daɗe, wa ke kallon fuskar mai abinci? Hannu ake kallo. Zobena na azurfa yana jikin hoton, kuma duk wanda ya taɓa karɓar kula daga gare ni a Xiaobei ya san zoben nan kamar yadda ya san takalminsa.

5. Tun daga ranar aka fara dawo mini da abinci ba a buɗe ba. Masu kunya sun ce azumi suke yi, a ranar Asabar. Wani bawan Allah da na ciyar lokacin da yake kwance ba lafiya ya aiko a ce mini ya koma cin taliyar 'yan China. Ga lokacin baje koli ya zo, baƙi na sauka daga Kano, kuma kafin su ajiye jaka an gaya musu kada su ci na Altine. Da wannan tukunya nake riƙe 'ya'yana a makaranta.

6. Ina so ya shiga rubuce cewa ni ma na san dalilin da ya sa Malama Mas'uda ba ta sauke mayafi daga wuyanta ko a cikin mata, kuma na san wane man bilicin ne ya yi mata wannan aiki a wuya. Ni ma ina da waya. Ban ɗauki hoto ba, kuma ba don na yafe ba ne. Ban yafe ba, ba kuma na jin zan yafe. Na bari ne in ga abin da ƙungiya za ta yi.

Saboda haka nake roƙon ofishinka mai daraja da a umarce ta ta goge hoton, a kuma fitar da ita daga zauren ƙungiya, ta ɗanɗana yadda waya ke yin shiru. Haƙurin da za ta ba ni a ɓoye ba na so, ta riƙe kayanta. Abin da nake nema shi ne a taron ƙungiya na ranar Lahadi 27 ga wannan wata, a sa mu a gaba ni da ita. Na daina shafa man nata, kafin ranar zai gama dushewa, hannuna zai fito yadda Allah Ya yi shi. Zan tuƙa tuwo da shi, in kawo a kwano ɗaya, ta sa hannu mu ci tare jama'a na kallo, ta cinye gefenta har lomar ƙarshe.

Zan bar gefe guda a kwanon saboda kai, ranka ya daɗe, domin na lura tun ranar 4 ga wata ba ka aiko a karɓi abincinka ba. Kularka tana nan a wanke.

Allah Ya ƙara girma, Ya ba ka ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,
Hajiya Altine Munkaila