Marubucin da Ya Sace Mini Kaka

Madam Solange, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini.

Ni tafinta ce a Toulouse ta ƙasar Faransa, daga Faransanci zuwa Sifaniyanci. Shekara tara ke nan ina raka wani marubuci, bari in kira shi Aurélien, duk taron littattafan da aka gayyace shi a Sifen. Mutumin nan ko gaisuwa bai iya da yarensu ba. Idan ya yi shirme ni ke gyarawa, a tafa masa, ya yi ta washe baki.

Wata rana a jirgin ƙasa, muna cin burodi da cuku, na ba shi labarin kakata Amparo. Yadda ta tsallako duwatsu a ƙafa zuwa Faransa lokacin yaƙin basasar Sifen, cikin ƙanƙara, da kan keken ɗinki ɗaure a bayanta, ga cikin mahaifiyata. Har kuka na yi masa. Ashe gogan naɗewa yake! Bana littafinsa ya fito, ga kakata daga farko har ƙarshe, har da yatsanta da sanyi ya cinye, amma wai kakarsa ce. Sunan ƙauyenta kaɗai ya tsira, don ban gaya masa ba. Da na tunkare shi sai ya dafa kafaɗata, wai labari na wanda ya iya rubuta shi ne.

Keken yana ɗakin mahaifiyata har yau. Tun da ta ji hirarsa a rediyo, da ƙyar take cin abinci.

Ran Asabar za a gabatar da littafin a Zaragoza ta Sifen, ni ce zan zauna gefensa ina fassara. Yana fara zuba ƙaryarsa zan shaida wa jama'a, a matsayin maganarsa, cewa shi ɓarawo ne. Zai yi ta gyaɗa kai yana murmushi. Na san sana'ata na iya mutuwa ranar, amma na rantse so nake in ga ya tozarta.

Mai ƙuna a rai, Toulouse

'Yar'uwa, an cuce ki, ba tantama. Marubuta kan tsinci labari a bakin mutane, wannan ba sabon abu ba ne, amma cewa kakarsa ce ƙarya ce tsagwaronta. Ke ma da naki laifin: shekara tara kina gyara masa shirme, har ya saba ɗaukar abin bakinki a matsayin nasa.

Shirinki kuwa ba zai yi ba. A taro irin wannan ba a rasa masu jin Faransanci. Kafin a tashi ke ce maƙaryaciya, shi kuma abin tausayi, kuma ba mai sake yarda da labarin Amparo daga bakinki.

Ki janye daga aikin tun yau, su nemi wata. Ki rubuta wa kamfanin da ya buga littafin, ki haɗa da hoton keken. Ran Asabar ki je da Mama, ku zauna a layin gaba. Idan aka buɗe filin tambayoyi, ki ɗaga hannu ki tambaye shi da yarukan biyu: daga wane ƙauye kakar tasa ta taso? Ki bar shi ya yi ta lalube, wannan karon ba mai gyara masa. Sannan ki miƙa wa Mama abin magana.

Allah ya sanyaya miki zuciya. Ki gaishe da Mama, ki ce ta daure ta ci abinci, akwai tafiya a gabanta.