Ta'aziyyar da na ƙi karɓa a dutsen Shafa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, 'yarki Salma ce. Wannan wasiƙa mutanen da ke bibiyata a waya ne za su karanta, kuma gara su karanta.

Wata huɗu bayan rasuwarki, lokacin da zafin Makka ya kai ruwan famfo na ƙona hannu, malaman makarantar da nake koyarwa suka shirya yawon buɗe ido zuwa duwatsun Ɗa'ifa. Mata shida da direba. Na bi su, wai don in huta da kuka.

Ke da kika ratso Chadi da Sudan a bayan babbar mota, ba ki taɓa gane dalilin da mutum zai hau dutse don kallo kawai ba. Kina cewa, "Ƙoshi ne ke damunku."

Hanyar Hada ta yi ta nannaɗe dutsen har kunnuwanmu suka toshe. Birai sun jeru a bakin titi suna jiran ayaba, babu ko kunya. Da muka isa Shafa gajimare ya sauko har ƙafafunmu, mu da muka gudo wa zafi muka koma neman bargo. Mun ɗauki hoton kofin shayi ta kowane ɓangare kafin wata ta tuna a sha.

A nan na ga Gwaggo Talatu. Aminiyarki, wadda kuka yi shekaru kuna zama kafaɗa da kafaɗa a bakin titin unguwar Tandabawi a nan Makka, ke da gyaɗa da aya, ita da lalle da turaren wuta. Ashe in zafi ya yi, takan biyo masu yawo sama da kayanta. Tana zaune a kan buhu, ta duƙunƙune cikin mayafi biyu.

Ita ta fara gane ni. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga murya da Hausa: "Salamatu! 'Yar Hajara! Ina kwance asibiti lokacin, ban samu zuwa ba. Ya haƙuri, 'yata? Allah ya jiƙanta."

Inna, abokan aikina sun san mahaifiyata 'yar kasuwa ce. Ban taɓa faɗa musu cewa shagon nata buhu ne ba. Duk suka juyo suna kallona. Amin kawai ake nema a bakina, abin da ɗan yaye ma ya iya. Ni kuwa, mai digiri, na gyara jakata na ce da Larabcin jami'a, "Ban gane ba, Hajiya."

Ta dubi abayata, ta dubi matan. Sai ta koma Larabcinta na bakin titi ta ce, "Yafe mini, na ɗauka wata ce." Ta zauna.

Babu wadda ta yi mata dariya. Ɗaya ma ta tsuguna gabanta tana zaɓen lalle suna hira. Ni kaɗai ce na tsaya nesa ina ɗaukar hoton kwari, kamar yana da wani abin faɗa mini. Ku masu bibiyata, da na ɗora hoton wasunku sun yaba. Kun ce da gani mai natsuwa ce ta ɗauke shi.

Sai da zafi ya sauka na iya zuwa ɗakinta a Tandabawi. Na haddace jawabin ban haƙuri tun daga unguwar Rusaifa. Ba ta bar ni na fara ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ni ce da laifi. Tun kina jami'a Hajara ta gargaɗe mu, in mun gan ki da mutanenki kada mu kira ki, kada mu ɓata miki. Mutuwar ce ta mantar da ni."

Ashe kin sani, Inna. Duk shekarun nan da nake sauya hanya in na hango buhunki, ina ganin wayo nake yi, ke ce kike share mini hanyar. Kuma da yamma ki zuba mini tuwo, ki tambaye ni ya karatu.

Na roƙi Gwaggo ta sake yi mini gaisuwar daga farko. Ta yi. Na amsa.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Gwaggo Talatu lafiyar gwiwa. Ni kuma ya yafe mini abin da ba ki taɓa bari na nemi yafiyarsa a wurinki ba.

'Yarki,
Salamatu, 'yar Hajara mai gyaɗa ta Tandabawi