Abin da Fergus Ya Ji a Rijiya

Glasgow, 4 ga Maris, 1996

Yaya Morven,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Alasdair da tagwayenki. Ki yi haƙuri da yadda na katse miki waya ranar Lahadi. Wayar gidan nan ta lalace, muryarki sai ka ce daga cikin bargo take fitowa. Kafin a gyara, mu koma takarda.

Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kin san shekara goma sha tara ke nan ba na fashin zuwa Rijiya, ɗakin kiɗan nan na ƙarƙashin mashaya, inda kika taɓa raka ni kika ce warin jiƙaƙƙun riguna ya hana ki numfashi. Ranar Juma'a Jiƙaƙƙiyar Ashana suka yi wasa. Su ne yaran da nake ba ki labari, masu jita biyu da mai ganga da Shona mai waƙa. Ba kamfanin da ke bayansu, a garejin kawun Shona suke ɗaukar kaset su sayar da hannunsu a bakin ƙofa. Tun suna yi wa mutum tara wasa nake bin su, kuma na sha faɗa cewa babu murya irin ta yarinyar nan a garin nan.

To ranar Juma'a ban ji muryar ba. Ina ganin bakinta yana motsi, jijiyar wuyanta ta miƙe, amma abin da ke iso ni kamar ana tafasa kunu ne a babbar tukunya. Ganga tana dukan ƙirjina, jita biyu sun cakuɗe sun zama abu ɗaya. Na juya in ga ko mutane sun fusata, sai na ga suna tsalle suna bin waƙar baiti baiti. Wata yarinya kusa da ni har da hawaye. Na rasa me take yi wa kuka.

Da aka tashi na je wurin Tam Docherty a teburin haɗa sauti. Kin san Tam, tare muka yi firamare, shi ne ya fasa tagar Baba da ƙwallo. Na ce masa ya binne yarinyar mutane da ranta. Ya kalle ni ya ce, "Fergus, tafi gida ka sha shayi." Ya ci gaba da naɗe wayoyinsa.

Wannan ne karo na uku a jere. Ko dai Tam ya tsufa, ko ƙungiyoyin yanzu sun daina son a ji abin da suke faɗa. Na riga na rubuta shafi guda a kai don 'yar mujallata. Maigidanmu a maɗaba'a ya bar ni in buga bayan an tashi aiki kamar kullum.

Ki gaida kowa. Naki,
Fergus

Inverness, 9 ga Maris

Ɗan auta,

Muna lafiya, na gode. Tagwaye suna mura, makarantarmu kuma ana jarrabawa, don haka zan taƙaita.

Wayarka lafiyarta lau. Da ita na kira Alasdair da na zo wurinka lokacin Kirsimeti, har numfashinsa ina ji.

Kada ka buga wannan shafin. Mutum ɗari biyu ne ke karanta mujallarka, amma duk su ne masu zuwa Rijiya, har da mai gidan. Tam yana da 'ya'ya uku. Ka ce ɗaki cike yana bin waƙa baiti baiti. To daga ina suka ji baitin?

Ka sake zuwa sau ɗaya, ka tsaya a wani gefen daban, ka tambayi mutum biyu abin da suka ji. Sannan ka rubuto mini.

Ka ci abinci na kirki, ba soyayyen kifi da dankali kullum ba.

Yayarka,
Morven

Glasgow, 2 ga Afrilu

Yaya Morven,

Ina gaisuwa, da fatan tagwaye sun warke. Takardarki ta zo bayan na gama rabon mujallar a shagunan faifai. Da ta zo da wuri ma ban san ko zan ji maganarki ba.

Ban zagi Tam ba. Cewa kawai na yi muryar mai waƙa ba ta fita, kuma Rijiya ta cancanci kunnen da bai gaji ba. Bayan sati biyu mai gidan ya sallame shi. Ya kawo wata mata daga Edinburgh, wai ta yi karatun abin a kwaleji, ta zo da sababbin lasifika baƙaƙe masu sheƙi. Na ji ba daɗi, amma na ce wa kaina saboda kiɗan aka yi.

Ranar Asabar wasu 'yan Leeds suka zo, su uku, mai jitarsu yana wasa ya juya wa mutane baya. An daɗe ana ba ni labarinsu. Na yi yadda kika ce, na tsaya a tsakiya, na koma baya, na hau matakala. Yaya, kunun nan dai shi ne. Sabuwar mai haɗa sauti, sababbin kaya, amma tukunya ɗaya. Na tambayi wani mai jar hula yadda ya ji, ya ɗaga mini babban yatsa, ya faɗi wata magana mai tsawo. Ban kama ko kalma ɗaya ba, amma wurin da hayaniya.

Yanzu ban san me zan ce ba. Wataƙila ɗakin ne da kansa, kin ga an yi sabon fenti, an cire tsohon labulen bango. Wataƙila kuma haka ake yayi yanzu, a haɗiye waƙa. Na sa kaset ɗin Shona a gida, shi ma ya dushe, amma kaset yana tsufa. Sannan akwai wata ƙara siririya a gidan nan kamar butar shayi ta kusa tafasa. Na duba firji, na duba bututun ɗumama ɗaki, har na ƙwanƙwasa wa tsohuwar da ke sama. Ta ce ita ba ta jin komai.

Wani abu kuma ya faru. Na haɗu da Senga matar Tam a layin mai kifi. Ta zo har gabana ta yi magana. Mai yana ƙara a kasko, mutane suna surutu. Na ji kunyar in ce ta maimaita, na ɗauka gaisuwa ce, sai na yi murmushi na ce, "Ƙwarai kuwa." Fuskarta ta sauya. Ta fita ba ta karɓi kifinta ba. Kwana huɗu ke nan ina juya abin, ban san me na amsa ba.

Ke da kike da kai, ki gaya mini abin da ke damun mutanen garin nan.

Ƙanenki,
Fergus

Inverness, 6 ga Afrilu

Fergus,

Bayan gaisuwa. Zauna kafin ka karanta.

Na kira Senga. Abin da ta ce maka shi ne: "Tam yana zaune a gida ba aiki, ko fita ba ya yi. Hankalinka ya kwanta yanzu?" Kai kuma ka yi murmushi ka ce ƙwarai kuwa.

Babu abin da ke damun mutanen Glasgow. Wayarka ba ta lalace ba, kaset bai tsufa ba, babu buta a gidanka. Kunnenka ne. Shekara goma sha tara kana tsaye gaban lasifika, da rana kuma kana tsakanin injinan buga takarda. Ka tuna Baba bayan ya bar wurin ƙera jiragen ruwa, yadda ya mayar da rediyo uku shago yana cewa an cuce shi, yadda ya ce Mama ta koyi magana ƙasa ƙasa don ta ba shi haushi. Kai kana ƙarami, dariya kake yi. Ni na ga yadda ya daina zuwa ko'ina.

Ina da laifi a nan. Na lura tun bikin 'yar'uwar Alasdair shekara biyu da suka wuce, lokacin da kake kallon bakin mutane maimakon idonsu. Na yi shiru don na san abin da kiɗan nan yake a wurinka, kuma ban san da wane baki zan faɗa ba. Da na faɗa, da Tam yana kan aikinsa.

Na gaya wa Senga maganar kunnenka. Ba ta ce ta yafe ba. Ka je asibiti a auna ka. Idan ba ka je ba kafin ƙarshen wata, zan hau jirgin ƙasa in kai ka da kaina, kuma ka san zan yi.

Ina sonka, ko da kai dutse ne.

Morven

Glasgow, 29 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki. Na yayyaga takardarki, sannan na haɗa ta da gam. Ba sai kin hau jirgi ba, na je.

Sun sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, suka ba ni maɓalli in danna duk sanda na ji ƙara. Na zauna ina jira su fara. Can sai wata ma'aikaciya ta buɗe ƙofa ta ce an gama. Likita ya nuna mini takarda mai layi biyu da suka gangara kamar tudu. Ya ce siraran sauti sun tafi kuma ba za su dawo ba, kunnen hagu ya fi lalacewa. Muryar mace tana cikin abin da ya tafi. Za su ba ni na'urar ji. Ya ce in daina zuwa wuraren kiɗa, in kuwa na ƙi, to in toshe kunne. Na tambaye shi amfanin zuwa jin kiɗa da toshasshen kunne. Ya ce wannan ba fanninsa ba ne.

Da na fito na ɗauka aƙalla yanzu na san gaskiya: ni na yi kuskure, Tam yana da gaskiya, sai in buga haka a mujalla a mayar da shi aikinsa. Na fara da Shona. Na same ta a shagon burodin da take aiki, na ce ta yi magana a hankali tana kallona. Na ba ta haƙuri, na ce wasansu na ranar nan lafiya lau ne, ni ne ban ji ba.

Sai ta ce, "Kawu Fergus, ai sautin ranar nan ya ɓaci. Muryata ta yi yawa a gefe ɗaya har tana tsaga kunne. Mun yi wata shida muna yi wa Tam ƙorafi."

Na ce ai ni cewa na yi muryar ba ta fita. Ta ce ta karanta, sun yi ta mamaki, sun ɗauka habaici nake yi. Ta ce mai gidan ya daɗe yana jin ƙorafinsu, rubutuna ne kawai ya ba shi ƙwarin gwiwa.

To yanzu ina nake? Na ce sauti ya ɓaci, kuma ya ɓaci, amma ba ta inda na faɗa ba. Na yi ƙarya ke nan ko na faɗi gaskiya? In na buga cewa aikin Tam ba shi da aibu, Shona ta san ba haka ba ne. In na yi shiru, an kori mutum a kan maganar kurma. Kuma Tam da na sani, wanda yake jin igiyar jita ɗaya ta saki daga ƙarshen ɗaki, ta yaya zai yi wata shida yana ɓata murya bai sani ba? Ko shi ma nasa kunnen ya tafi ne?

Sau biyu ina zuwa ƙofar gidansu ina dawowa. Tsoro nake ji ya yi magana in kasa ji, in sake yin murmushi. Jiya na rubuta masa duk abin da na rubuta miki, na tura ta ƙarƙashin ƙofa.

Ƙarar butar tana nan. Yanzu da na san tawa ce, ta fi damuna.

Ki gaida Alasdair da yara. Naki,
Fergus

Govan, Glasgow, 2 ga Mayu

Fergus,

Ina gaisuwa. Na ga takardarka. Ni ba marubuci ba ne.

Kunnena ƙalau yake. Na gane naka ya tafi tun bara, ranar da na kira ka sau huɗu daga bayanka. Tun daga nan nake ƙara muryar mai waƙa a lasifikar hagu, inda kake tsayawa, kaɗan kaɗan duk sati, ko za ta iso ka. Na san ina ɓata wa yaran. Na kai ta ƙarshe, ba ta iso ka ba. Gara da na gaya maka kawai, amma ban iya ba.

Kada ka buga wannan. Kada ka buga komai.

Senga ba ta huce ba, ni ma ban gama ba. Ranar Asabar da yamma ina haɗa sauti a ɗakin taron coci a Paisley, wasu 'yan mata huɗu ne, ba su iya ba tukuna amma mai gangar tana da hannu. Motata ta lalace, ina buƙatar mai ɗaukar kaya. Ka zo ƙarfe huɗu da abin toshe kunnenka. Za ka tsaya kusa da ni, abin da ba ka ji ba in rubuta maka.

Sai ka zo.
Tam