Harafin da Ya Yi Yawa

Fayyum, Masar, 11 ga watan Amshir

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata, Mu'allim Bisada,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar nan da ba ka yarda tana ciwo sai Mama ta tona maka asiri? Ina gaida Mama da ɗan'uwana Abanub da duk mutanen gida. Burodi da cukun da kuka aiko sun iso, har abokan aiki sun haddace hanyar teburina.

Baba, ban taɓa iya ɓoye maka abu ba. Ina jin na yi ɓarna a wurin aiki, ga shi saura kwana tara watanni shidan gwajina su cika.

Ka san abin da nake yi a ma'ajiyar kayan tarihi. Gutsattsarin tsoffin takardun bardi, irin waɗanda mutanen dā ke yi da karan bakin kogi, da aka tono a jujin tsohon gari nake sharewa, in miƙar da su, in haɗa waɗanda suka dace. Makon jiya na haɗa guda biyu, kowanne bai kai tafin hannu ba. Shugabarmu, Ustaza Ni'imat, ta duba ta yaba, aka rufe su a gilashi, na sa hannu. Rubutun Girkanci ne, ba na jin sa, amma haruffan su ne namu na coci da ka koya mini. Shekaranjiya ina goge gilashin idona ya faɗa kan wata kalma da ta ratsa daidai bakin haɗin. "Kirista" ce, Baba. Sai dai a inda ya kamata harafin yota ya tsaya, sanda ɗaya tilo, harafin hita ne zaune, sanda biyu da gada a tsakani. Sanda ɗaya na kan gutsure guda, ɗayar da gadar suna kan ɗayan. Wa zai kuskure kalmar da aka samo daga sunan Almasihu? Ke nan ni ce na liƙa gutsuren wata takarda a jikin wata.

Ran Litinin Dakta Fakhri, wanda ke karanta su, zai zo daga Alƙahira. In ya gani, sai ka ce wa Mama ta matsa mini a keken ɗinki. Tsoro nake ji ƙwarai. Ka sa ni a addu'a, kuma kada ka gaya wa Abanub, bakinsa ba ya rufuwa.

'Yarka,
Yustina

Fayyum, 20 ga Amshir

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Mama, zan fara da ƙarshen labari don kada ka karanta a tsaye: hankalina ya kwanta, kuma keken Mama ya huta da ni.

Amma sai na fara faɗa maka abin kunyar. Ran Lahadi, da aka fita shan shayin hantsi, na tsaya ni kaɗai na buɗe gilashin. Na jiƙa ɗan burushina, niyyata in raba gutsattsarin a ɓoye in ce haɗin ne ya saki. Na kuma san sarai bakin takardar ya rube, in na ja harafin zai zama gari. Hannuna na sama sai na tuna gwangwanin nan na kan kabad ɗinka, inda kake tara takardun da muka kuskure rubuta Sunan Ubangiji muna yara. Ka buge mini yatsu da alƙalamin kara ba sau ɗaya ba, amma ko ɗaya ba ka taɓa bari mu kankare ko mu yaga ba. Na ajiye burushin na mai da gilashin.

Litinin da safe na tari Ustaza Ni'imat na zayyana mata komai, har da burushin. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke 'yar Kudu, kwana shida kina hadiye wannan ke kaɗai? Shi ya sa kika rame kamar kazar da ta sha ruwan sama? Wuce mu je, in kora ce ma a kore mu tare, ni na yaba aikin."

Dakta Fakhri ɗan tsoho ne, rigarsa duk tokar taba. Ya ɗaga gilashin a hasken taga yana ta dubawa, ni kuwa na gama tattara kayana a zuci. Can ya ce, "Zo nan, 'yata. Bar haruffa tukuna, dubi zaren." Na duba, sai ga zaren takardar ya ƙetare haɗin sumul, layi bisa layi. Na ce, "To harafin fa, Dakta? Ai ya yi yawa." Ya yi dariya har da tari. "Wa ya koya miki karatu?" Na ce mahaifina, mai jan waƙa a coci. Ya ce, "Na ga alama! Ki gaida shi, ki ce masa wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama a ajinsa ba."

Ashe, Baba, ba takardar coci ba ce. Magatakardan hukuma ne ya jera sunayen mazan da za su yashe magudanar ruwa, kowa da abin da za a gane shi: wane masaƙi, wane mai ido ɗaya, sai Pamun ɗan Sarapiyon, Kirista. Dakta ya ce haruffan biyu sun kusa zama ɗaya a kunne, kuma mutanen zamanin da yawa haka suke rubuta kalmar, don akwai wata da suka saba da ita mai wannan harafin, ma'anarta mutumin kirki. Daga shekarar sarautar da ke ƙasan takardar ya lissafa fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari bakwai, tun lokacin da ɗaukar wannan suna kan iya jawo wa mutum bala'i. Ya ce littattafanmu mu muka rubuta su, mai musu zai iya cewa yabon kai ne. Wannan kuwa wani ne da bai damu da mu ba, ma'aikata kawai yake ƙirgawa, ya shaida cewa akwai Kirista a ƙauyen kuma kowa ya san shi da haka. Sannan ya nuna sandar da na so cirewa ya ce da ta tafi, da kalmar ta tafi da ita.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Ustaza ta miƙo mini shayi ta ce in na ɗiga hawaye a kan bardinta ita da kanta za ta kore ni. Jiya ta sa hannu a takardar tabbatar da ni, da sharaɗin kada in sake buɗe gilashi ni kaɗai. Na yarda da sauri.

Tun ranar nake tunanin Pamun, yana tsaye cikin laka har gwiwa kamar Abanub a lokacin ban ruwa. Nake kuma tunaninka. Shekara arba'in ke nan kana sa rigar fita kana zuwa ofishin rajista faɗa, saboda wani ya rubuta Bishara a katin shaidarka maimakon Bisada, kana dawowa da ciwon gwiwa ba a gyara ba. Don Allah ka huta haka nan, Baba. Magatakardan rajistan bai san ka ba, bai ma iya sunanka ba, amma ya rubuta cewa kana nan.

Zan zo Idin Tashin Almasihu in Ubangiji ya yarda. Kada a taɓa mini gwangwanin nan, ina so in ga takarduna. A gaida Mama, a ce wa Abanub yanzu yana iya buɗe baki.

'Yarka mai ƙaunarka,
Yustina Bisada, ko Bishara, duk wanda ka ga dama