Wai Bidi Ya Daina Cizo

Zuwa ga ƙanena Ashafa, Mandawari.

Gaisuwa mai yawa daga Kumasi. Yaya iyali? Ni lafiya lau, sai ƙafa da ke ƙorafi, don doki ba ya rayuwa a nan.

Tun bara nake jin wai dokina Bidi ya daina cizo, har mai ɗakina Mero ke ba shi kanwa a tafin hannu. Na yi dariya. Ni da na sha fama da shi a turke! Me ta yi masa? Tambayo mini. In na dawo, zai san muryata kuwa?

Allah ya sada mu da alheri. Na ƙarshen gaya mini labarin dai Maharazu mai goro ne, wanda har yau tabon haƙoran Bidi ke kafaɗarsa.