Agogon da Maigidana Ya Saita

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimaka min da shawara, wallahi na gaji.

Ni mai kula da manyan kwamfutoci ne a wani kamfanin sayar da tikitin jirgi ta intanet. Wata huɗu ke nan masu saye suna kukan shafinmu yana tafiyar hawainiya. Manya suka ɗora laifin a kan wata abokiyar aikina, don ita ta rubuta sabuwar manhajar shafin. Sau biyu ana kiran ta ofishin sama tana saukowa ido jawur. An ce in ba ta gyara ba kafin ƙarshen wata, ta kama gabanta. 'Ya'yanta uku.

Ni kuwa na san ba laifinta ba ne. Sati uku ina zaune a ɗakin kwamfutocin mai sanyi da ƙugin fanka ina awon gudun injinan, har bayana ya ƙage. Matsalar tana cikin kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. An saita shi ya riƙa amfani da wani tsohon agogo mai nawa. Duk sanda manhajarta ta tambayi lokaci, dole sai ta shiga kanel ta fito, kuma sau dubbai take tambaya a sakan guda. A nan ƙarfin injin yake ƙarewa. Na canza saitin a injin gwaji, jinkirin ya ragu da fiye da rabi.

To Anti, wanda ya yi wannan saiti shekara tara da suka wuce maigidana ne, wanda ya koya min aikin, ya kuma tsaya min aka ɗauke ni. Wata biyar ya rage ya yi ritaya. Na same shi shi kaɗai na nuna masa sakamakon a rubuce, ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce ya san kanel tun ina rarrafe, kada in sake in taɓa. Tun ranar ciki-ciki yake amsa gaisuwata. Ita kuma baiwar Allah kullum sai ta tambaye ni ko na ga wani abu, in ce ina dubawa. Matata ta ce na zama kurma a gida. In na yi magana na ci mutuncin dattijo, in na yi shiru na ci amana. Ina zan sa kaina?

Naku, Wanda Ya Rasa Tudun Dafawa

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ban san kanel ba, amma na san dattijai.

Maigidanka ba mugu ba ne. Da wuya a ce ya zaɓi wancan agogo babu dalili; wataƙila injinan wancan zamanin ne suka tilasta masa. Kai ka je masa da sakamako, shi kuma abin da ya ji shi ne an ce aikinsa na shekara tara shirme ne. Koma wurinsa gobe, ka fara da tambayarsa me ya sa ya yi haka, ka saurara da gaske. Mai yiwuwa akwai haɗarin da ba ka hango ba. Sannan ka roƙe shi ku maimaita gwajin tare, shi da kansa ya kai wa manya gyaran. Bar masa yabon, ba za ka ragu da komai ba.

Amma ka faɗa masa cikin ladabi cewa kwana uku za ka jira. In ya ƙi, ka miƙa rahotonka: ga awo, ga gyara, ba tare da sunan kowa ba. Kunyar da zai ji za ta wuce, aikin matar nan in ya tafi ba ya dawowa. Kuma daga yau ka daina ce mata kana dubawa, ka riga ka gani.

Allah ya sanyaya zuciyar maigidanka, kai kuma ya ba ka ƙarfin hali.